Tsohon soja kurma: jarumin labaran soyayya da takwarorinsa na zahiri a Omdurman

A cikin littattafan soyayya da ake bugawa a Turai da Amurka akwai wani jarumi da masu karatu suka saba da shi: sojan da ya dawo daga fagen daga da ransa da gaɓoɓinsa, amma ya baro jinsa a can. Ba ya jin sallama, ba ya jin takun mai bin sa a baya, kuma a haka labarin zai ɗora masa nauyin kare macen da ake farautar ranta.

A unguwannin yammacin Omdurman irin su Dar Salam, inda aka shafe kusan shekara biyu ana luguden wuta tun daga 15 ga Afrilun 2023, irin wannan mutum maƙwabci ne, ko miji, ko ɗa. Wannan bayani ya duba asalin jarumin a adabi, yadda yaƙi ke kurmantar da mutum, abin da adabin Sudan da na Hausa suka taɓo a kai, da abin da ya kamata iyali su sani.

Wane irin labari ne wannan?

Salo ne da ke tafiyar da zare biyu a lokaci guda: soyayya da fargaba. Da Faransanci ana ce masa suspense romantique. Sharaɗinsa shi ne kowane zare ya riƙa jan ɗan'uwansa. Haɗarin da ke tafe shi ke tilasta wa masoyan zama wuri guda, soyayyar kuma ita ke sa haɗarin ya yi nauyi, domin yanzu kowannensu yana da abin da yake tsoron rasawa. A ƙarshe ana warware asirin, masoyan kuma su tsira tare.

Masu nazari kan mayar da tushensa ga Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, inda jarumin ya ƙare da makanta da rasa hannu, da kuma Rebecca na Daphne du Maurier na 1938. Marubuciyar Ingila Mary Stewart ce ta daidaita masa siffa a shekarun 1950. Daga shekarun 1990 marubutan Amurka irin su Suzanne Brockmann suka cika shi da sojojin kundumbala, bayan yaƙe-yaƙen Afghanistan da Iraƙi kuma sai sojan da ya dawo da rauni ya zama jarumin yau da kullum.

Jarumi mai matsalar ji ya bayyana ta fuskoki da dama. A The Prince of Midnight na Laura Kinsale, 1990, fashewa ce ta kashe wa jarumin kunne ɗaya ta bar shi da jiri. A Deafening na Frances Itani ta Kanada, 2003, matar ce kurma, mijin kuma yana ɗaukar waɗanda suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Resurrection Bay na Emma Viskic ta Ostireliya, 2015, mai binciken kisan kurma ne tun yana yaro. A fim ɗin Sound of Metal na 2019, tsohon sojan Vietnam da ya rasa jinsa ne ke jagorantar gidan da kurame ke zaune. Masu karatun Faransanci kuma sun san Un long dimanche de fiançailles na Sébastien Japrisot, 1991, inda budurwa gurguwa ke bin sawun saurayinta da aka ce ya mutu a fagen daga a 1917.

Me ya sa kurma?

Dalilin farko na sana'ar rubutu ne. Fargaba tana ginuwa ne a kan abin da mai karatu ya sani amma jarumi bai sani ba. Idan jarumin ba ya ji, marubuci ya samu wannan giɓi a sauƙaƙe: ƙofa ta buɗe a bayansa, waya tana ƙara a ɗaki, wani yana ihun gargaɗi, shi kuwa yana shan shayinsa.

Na biyu ya shafi soyayyar. Mai magana da kurma dole ya fuskance shi, ya tsaya inda haske yake, ya rage sauri. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a irin wannan labari fuskar ce kaɗai hanyar hira. Na uku shi ne sauyin matsayi. Mutumin da aka horar ya ba da umarni ya kare wasu, yanzu shi ke buƙatar a taɓa kafaɗarsa a sanar da shi abin da ke faruwa. Yadda zai karɓi wannan taimako ba tare da ya ji an ƙasƙanta shi ba, shi ne ainihin gwagwarmayar da ke cikin mafi kyawun waɗannan littattafai.

Yadda yaƙi ke kashe kunne

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wani sashe na can ciki mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, su ke mayar da kaɗawar saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Ma'aikacin da ke wuni cikin ƙarar da ta kai 85 yana cikin haɗari idan abin ya ɗore. Harbin bindigar yaƙi yana haura 140, matakin da ƙara ɗaya tak ke iya yin lahani nan take. Igwa da roka da bam sun fi haka.

Lahanin iri biyu ne. Iskar fashewa tana iya yaga dodon kunne, kuma yawancin irin wannan yagewa tana haɗewa da kanta cikin makonni zuwa wata uku idan ruwa da ƙwayoyin cuta ba su shiga ba. Wanda ya taɓa ƙwayoyin can ciki kuwa shi ne mai ɗorewa. Yakan zo da ƙugi ko shuwa a kunne dare da rana, wani lokaci da jiri, tunda ma'aunin daidaiton jiki ma a cikin kunne yake.

Siririn sauti ne ke fara tafiya. Mutum zai ji ana magana amma ya kasa tsintar kalmomin, saboda baƙaƙe irin su s da sh da ts da f sun dushe masa. Muryar mata da ta yara ta fi ta maza sirantaka, don haka sau da yawa matarsa da 'ya'yansa ne zai fara daina fahimta, alhali yana amsa wa abokansa a majalisa. Daga nan ake fara zarginsa da kunnen uwar shegu. Mai harbi da hannun dama kuma kunnen hagu ya fi lalace masa, domin shi ya fi fuskantar bakin bindiga. Wanda ya rasa kunne ɗaya yana rasa sanin inda sauti ya fito, abin da ke da haɗari a garin da ake harbi.

A Amurka, inda ake ƙidaya, ƙugin kunne shi ne kan gaba a lalurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu, raunin ji ma yana sahun farko. A Agustan 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya kimanin dala biliyan 6 don sasanta ƙararrakin sojojin da suka ce matoshin kunnen da ya sayar wa rundunar bai kare su ba, ko da yake bai amsa laifi ba. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma adadin zai haura miliyan 700 nan da 2050.

Dar Salam da yaƙin 2023

Dar Salam tana cikin yankin Ombada, a gefen hamada na yammacin Omdurman. Ta bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da gwamnati ta riƙa kwashe 'yan gudun hijira da mazauna unguwannin da ba su da takardu tana kai su bayan gari. Waɗanda farin 1984 ya koro daga Kordofan da Darfur, da waɗanda yaƙin kudu ya raba da gidajensu, da talakawan ƙabilu daban-daban har da Hausawa, su suka cika ta. An yanka ta gida-gida a kan lambobi, ruwa kuma galibi a amalanken jaki ake sayen sa.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, yammacin Omdurman ya faɗa hannun RSF, sojoji kuma suka riƙe arewacin birnin da sansanin Wadi Sayyidna. A 8 ga Yulin 2023 wani hari ta sama a Dar Salam ya kashe aƙalla mutum 22, a cewar hukumomin lafiya na jihar Khartum. A 1 ga Fabrairun 2025 harin da ya faɗa kasuwar Sabrin da ke arewacin Omdurman ya kashe fiye da 50. Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa a 21 ga Maris ɗin 2025, suka shiga kasuwar Libya da ke Ombada a ƙarshen watan, sannan a watan Mayu suka ayyana cewa sun kori RSF daga jihar Khartum gaba ɗaya.

Tsakanin waɗannan ranaku, ƙarar igwa da jiragen yaƙi da jirage marasa matuƙi ta zama abin kowace rana, kuma ba ta tantance mai kaki da mai tallan shayi. Asibitin sojoji na Omdurman ya daɗe cikin ƙawanya har zuwa farkon 2024. Asibitin Al-Naw, ɗaya daga cikin ƙalilan da suka ci gaba da aiki, ya cika da masu raunin harsashi da ɓaraguzai. A irin wannan hali ba a duba kunne, tunda ba ya zubar da jinin da zai kashe mutum. Sai ƙura ta lafa ake gane wanda ya daina amsa kira.

Tsofaffin mayaƙa kuma Sudan ba ta rasa su ba tun kafin wannan yaƙi: na yaƙin kudu daga 1983 zuwa 2005, na Darfur daga 2003, na Yemen daga 2015, da ɗaliban da aka riƙa ɗiba aikin soja na dole a zamanin Omar al-Bashir. Yanzu an ƙara da dubban 'yan sa-kai da suka ɗauki bindiga ba tare da wani abin kare kunne ba.

Hausawan Sudan da soja

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile kusa da Sennar. Gonakin audugar Gezira da aka buɗe a 1925 sun jawo wasu. A yau ana samun su a Gadarif, Kassala, Damazin, Port Sudan da unguwannin Khartum, inda ake haɗa su da Fulani da Barebari a kira su Fallata ko Takari. Rikicin Blue Nile na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, ya nuna cewa har yanzu akwai masu musu a kan matsayinsu na 'yan ƙasa.

Daga cikin wannan al'umma aka samu muryar da ta fi kowace haɗa soyayya da soja a tarihin Sudan. Aisha al-Fallatiya, 'yar malami da ta tashi a Omdurman, tana cikin matan farko da suka yi waƙa a Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta zagaya sansanonin sojojin Sudan tana yi musu waƙa, kuma waƙarta ta fatan dawowarsu lafiya har yanzu ana tuna ta. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974.

A yamma ma haka tarihin yake. 'Yan mazan jiya na Najeriya sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, na Nijar kuma sun yi wa Faransa. Fim ɗin Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, 1988, ya nuna wani soja mai suna Pays da ya dawo daga sansanin Jamusawa ba ya iya magana. Shi ya hango tankokin da ke tafe, amma abokansa ba su ɗauki gargaɗinsa da muhimmanci ba.

A adabin Sudan

Sassan wannan jarumi a warwatse suke cikin manyan littattafan ƙasar. A Urs al-Zain na Tayeb Salih, wanda ya fito a shekarun 1960, cikin waɗanda Zain ke jiɓinta a ƙauyen akwai Ashmana kurma da Musa gurgu, mutanen da sauran jama'a suka tura gefe. A Lyrics Alley na Leila Aboulela, 2010, wanda ke gudana a Omdurman ta shekarun 1950, haɗari ya shanye jikin saurayi Nur, aka warware baikonsa da Soraya, shi kuma ya zama mawaƙi. Marubuciyar ta gina shi a kan rayuwar ɗan'uwan mahaifinta, Hassan Awad Aboulela.

Shauq al-Darwish na Hammour Ziada, wanda ya ci lambar Naguib Mahfouz a 2014, shi ya fi kusa da salon soyayya da fargaba. Bakhit Mandil ya fito daga kurkukun Omdurman bayan faɗuwar daular Mahdi a 1898, ya shiga bin waɗanda yake tuhuma da mutuwar masoyiyarsa ɗaya bayan ɗaya. A Masih Darfur na Abdelaziz Baraka Sakin, 2012, wata budurwa mai sunan maza, Abdurrahman, ta auri soja domin ya taya ta ɗaukar fansa a kan Janjawid. An ƙwace littattafan marubucin a baje kolin Khartum na shekarar, ya koma zama a Ostiriya. Kamfanin Zulma ya fitar da fassarar Faransanci ta Xavier Luffin a 2016 da sunan Le Messie du Darfour.

A gefen waɗannan, matasan Khartum sun tashi da ƙananan littattafan aljihu: jerin Abir, fassarar labaran soyayyar Turawa, da Rajul al-Mustahil na Nabil Farouk ɗan Masar, labarin jami'in leƙen asiri da abokiyar aikinsa. Takwaransu a ƙasashe masu Faransanci shi ne jerin Adoras da aka fara a Abidjan a 1998.

A adabin Hausa

Haɗa soyayya da fargaba tsohon abu ne a rubutun Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933, labari ne na wanda mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ya tafi neman fansa. Ganɗoki na Bello Kagara jarumi ne da ya yaƙi Turawa, ya daɗe a tafiya, ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982, ya kawo bindiga da ta'addanci a inuwar yaƙin basasar Najeriya.

Daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, soyayya ta mamaye kasuwar Kano. Yanzu ta koma waya: Wattpad, WhatsApp, Facebook da YouTube, inda soja mai tsare gida ya zama ɗaya daga cikin jaruman da marubuta mata ke yawan zaɓa.

Akwai wani abin lura a nan. Babbar hanyar da labaran Hausa ke isa ga jama'a ita ce kunne: karatun littafi a rediyo, da muryoyin da ake ɗorawa a YouTube. Bahaushen Sudan, wanda yawanci da haruffan Larabci ya yi karatu, ta wannan hanya ya fi samun su. Ranar da ya rasa jinsa ya rasa labaran, har da wanda aka rubuta a kan irinsa.

Inda labari ke kauce wa gaskiya

Kuskure na farko shi ne karatun leɓe. A littafi jarumi yakan karanta hirar maƙiya daga nesa. A zahiri kaɗan ne daga cikin sautukan magana ke bayyana a leɓe, sauran cike gurbi ne da hasashe, kuma yana gajiyarwa. A Hausa abin ya fi wuya. Bata da ɓata da mata duk siffa ɗaya suke a leɓe. Bambancin kafa da ƙafa a maƙogwaro yake. Kukan hawaye da kukar miya karin sauti ne ya raba su, kuma ido ba ya ganin karin sauti. Larabci ma yana da baƙaƙe da yawa da ke fita daga maƙogwaro. Duhu, niƙabi, takunkumi ko gemu mai yawa suna rufe ɗan abin da ya rage.

Na biyu shi ne warkewa a babin ƙarshe. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa don an samu masoyiya. Na'urar ƙara ji tana taimakawa amma ba ta mayar da kunne yadda yake, tana kuma cin batir da kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatarta ke amfani da ita.

Na uku shi ne haɗa kurma da bebe. Wanda ya kurmance da girmansa yana magana sarai, sai dai ya kasa daidaita ƙarfin muryarsa. Ba ya kuma wayar gari da iya maganar hannu, sai ya koya kamar kowane harshe. Halinsa daban yake da na wanda aka haifa kurma ko sanƙarau ya kurmantar tun yana ƙarami, wanda ya tashi da harshensa da abokansa. Tsohon sojan yakan tsinci kansa a tsakiya: masu ji sun gaji da maimaita masa, kurame kuma bai san harshensu ba.

Maganar hannu

Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda ba a makaranta aka ƙirƙiro shi ba. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, ta buga littafi a kansa a 2000. A Kano kurame suna da sarkinsu, kuma masu ji da yawa a kasuwa sun iya abin da za su yi ciniki da shi. Makarantar Tudun Maliki, da aka buɗe a 1977, ta shigo da alamomin da suka samo asali daga Amurka. Wannan tasiri ya biyo sawun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya fara buɗe makarantun kurame a Ghana a 1957, ya kuma bazu zuwa ƙasashe masu Faransanci.

Sudan tana da nata harsunan hannu, da ƙungiyar kurame ta ƙasa, da makarantar Al-Amal a Khartum. Saboda haka kurman Omdurman da ya yi gudun hijira zuwa Chadi, Nijar ko Kano ba lallai ne ya fahimci alamomin da zai tarar ba, ko da yake kurame sun fi masu ji saurin samo hanyar fahimtar juna. Katsewar intanet da ta auka wa Sudan a Fabrairun 2024 ta fi yi musu illa, domin saƙon rubutu da kiran bidiyo su ne wayarsu.

Aure da doka

Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa ishara da ake fahimta tana tsaya wa wanda ba ya iya magana a matsayin furuci, a ɗaurin aure da saki da ciniki. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da yawancin mutanen Sudan ke bi, kurumta ba ta cikin aibobin da aka lissafa masu bai wa miji ko mata zaɓin warware aure. Matsalar da ake samu ta zamantakewa ce: iyayen da ke janye 'yarsu, da ma'auratan da hira ta mutu a tsakaninsu.

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2009, kuma sashe na 11 ya wajabta kare su a lokacin yaƙi. Ta yi dokarta ta cikin gida a 2017. A Yunin 2019 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2475 a kan wannan batu. Aiwatarwa ce ke da wuya: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da likitan kunne ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda.

Abin da iyali za su iya yi

Bayan fashewa, kada a ɗiga wa kunne ruwa, mai ko maganin gargajiya, kada kuma a soka masa tsinke. A toshe shi da auduga mai ɗan man shafawa lokacin wanka. Idan jini ko farin ruwa yana fita, ko mutum yana amai ko yawan barci, a gaggauta kai shi asibiti, domin yana iya zama rauni a kai. Jin da ya ɗauke farat ɗaya yana son likita cikin kwanaki kaɗan. A kuma sanar da ma'aikacin lafiya matsalar kafin allurai irin su jentamaisin, domin suna iya ƙara lalata ji.

A gida, a ja hankalinsa kafin a fara magana, a fuskance shi a wuri mai haske, a yi magana a sarari ba da ihu ba. Idan bai gane ba a sauya kalma maimakon nanata ta. Kada a tashe shi daga barci ko a dafa shi ta baya ba zato, musamman wanda ya yi yaƙi. A yarda da alamomi kaɗan na gaggawa da kowa a gidan ya sani: kwanta, fito, wuta, tsaya. Mai tafiya ya riƙe takarda da ke bayyana cewa ba ya ji, da Larabci ko Faransanci gwargwadon hanya, kuma ya fi kyau ya bi shingen bincike da ɗan rakiya, domin rashin tsayawa idan an daka tsawa yana iya jawo harbi.

Ana bikin Ranar Ji ta Duniya a 3 ga Maris, Ranar Harsunan Hannu kuma a 23 ga Satumba. A irin waɗannan ranaku ƙungiyoyin kurame da wasu asibitoci kan shirya gwajin ji da taron wayar da kai, kuma nan ne wuri mafi sauƙi da iyalin da abin ya shafa za su fara neman wanda zai koya musu maganar hannu.